Tsohuwar bindiga da ta zamani: wacce ta fi inganci?

Magajin Kaka:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da bindigar farauta da na gada wurin kakana, ƙirar Mauser 98 ce, lasisi da takardu duk suna hannuna. Tun ina yaro nake jin yana cewa an gama ƙera bindiga tun kafin a haife mu, abin da ake yi yanzu kwaikwayo ne. Da wannan maganar na tashi, ban taɓa gwada ta ba sai makon jiya da muka je filin gwajin saiti ni da wani abokina. Shi tasa sabuwa ce fil, ƙotar roba, ba nauyi, in ka ƙwanƙwasa ta sai ka ji kamar fanko. Muka kafa takarda a mita 100, muka ɗora bindigogin a kan buhun yashi, kowa harsashi biyar. Nawa suka watse, sai da na shimfiɗa tafin hannuna kafin na rufe hujojin. Nasa kuwa marfin kwalba ya rufe huɗu, na biyar na gefe kaɗan. Muka yi musaya, na harba tasa ya harba tawa, ba abin da ya canza. Ke nan ba hannuna ba ne.

Amma da na dawo gida na ja sakatar tawa, wato ƙarfen da ke cusa harsashi ya kulle shi a ciki, na ji yadda take sulɓi ta kulle da ƙara mai nauyi, sai zuciyata ta ƙi yarda cewa waccan ta fi ta. To masana, me ake nufi da inganci a bindiga? Kakana ne ya yi kuskure, ko ni ne ban gwada yadda ya kamata ba?

Baba Maƙeri:
Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka yanke wa bindigar hukunci tukuna. Ka zare sakatar, ka tabbatar babu harsashi, ka ɗaga bututun wajen haske ka leƙa daga baya. Tsagin nan da ya murɗe a ciki, wanda ke juya harsashi, gefensa na da kaifi ko ya lashe? Cikin na sheƙi ko ya yi duhu da 'yan ramuka? Sannan ka duba bakin bututun, ko akwai inda ya ɓantare. Ɓantarewa kamar ƙwayar yashi a baki ta isa ta karkatar da harsashi, domin iskar albarushi za ta riga fita ta gefe ɗaya. Ka kuma taɓa sukurorin da suka ɗaure ƙarfen da katako. Bindigar da ta shekara kusan ɗari ba za a gwada ta da wadda ta fito daga kwali jiya ba, sai an san abin da shekarun suka ci a jikinta.

Magajin Kaka:
Na gode Baba. Zan duba da safe in akwai haske, in sha Allahu.

Injiniya:
Maganar Baba gaskiya ce, amma ko da an samu Mauser ɗin nan ranar da ta fito daga masana'anta, ina kyautata zaton ta abokinka za ta fi ta tara harsashi wuri guda. Ba raini ba ne ga magabata, kayan aiki ne suka canza. Injin da kwamfuta ke tuƙawa yau yana yanka ƙarfe dubu iri ɗaya, na farko da na ƙarshe ba bambanci. Shi ya sa kamfanoni irin su Tikka da Weatherby ke ba da tabbaci a rubuce cewa bindigarsu za ta tara harsasai cikin inci ɗaya a yadi 100, wato kusan santimita 3 a mita 100, in an sa harsashi mai kyau. A zamanin kakanka wannan sai bindigar gasa da aka yi wa aiki na musamman.

Ga kuma ƙotar da ka raina. Katako na numfashi: ya sha danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke, duk motsin da ya yi yana danna bututu ta wani gefe. Roba ba ruwanta da yanayi, kuma yanzu ana barin ɗan rata tsakanin bututu da ƙota har ka zura takarda ta wuce, don bututun ya yi rawarsa iri ɗaya a kowane harbi.

Maharbin Dawa:
Injiniya, takarda ba ta cizo. Ku kuna auna bindiga a kan tebur, mu a tsaye muke auna ta, zuciya na bugawa. Ka ɗauki sakatar Mauser 98 ka dubi doguwar ƙugiyar nan da ke gefenta. Tun harsashi na fitowa daga magazin, wato ma'ajiyar harsasai, take cafke gindinsa, ba ta saki sai ta cusa shi, an harba, ta fizgo kwanson ta yar. Ko a kife ka riƙe bindigar harsashin ba zai faɗi ba, kuma in ka ruɗe ka ja sakata rabi ka sake turawa, ba za ta cusa biyu su cushe ba. Paul Mauser, wanda ya ƙirƙiro ta, ya sa haƙoran kullewa biyu a gaba, ya ƙara na uku a baya don ko ta-kwana, ya yi ramukan da za su kawar da iska daga fuskar maharbi in kwanso ya fashe. Wannan fa a 1898. Yawancin na yanzu tura harsashin kawai suke yi a gaba da 'yar ƙugiya kamar farcen yaro, saboda ya fi sauƙin ƙerawa. Har gobe mai fuskantar ɓauna ko giwa ƙirar 98 yake nema. Da tsohuwar zuma ake magani.

Injiniya:
Yaya Maharbi, Remington 700 ta fito a 1962 da irin 'yar ƙugiyar da kake rainawa, kuma sojojin Amurka sun yi shekaru da dama suna ba gwanayen harbinsu bindigogin da aka gina a kanta. Su ma ba takarda suke harbi ba.

Maharbin Dawa:
To me ya sa da Winchester suka cire doguwar ƙugiyar daga Model 70 a 1964 maharba suka yi musu ca? Suka daina sassaƙa zanen ƙota, suka koma danna shi da inji, duk don rage kuɗin ƙira. Har yau in za a sayar da tsohuwa sai an ce “kafin 64” ce. Kuma a 1992 da kansu suka dawo da ƙugiyar. Da ba ta da amfani da ba su dawo da ita ba.

'Yar Tarihi:
Bari in sa baki, Malamai. Akwai abin da muke mantawa duk lokacin da aka yi irin wannan muhawara. Tsofaffin bindigogin da ke hannunmu yau su ne waɗanda suka tsira. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 an ƙera bindigogi marasa tsada bila adadin, masu taushin ƙarfe, waɗanda suka saki, suka fashe, ko aka narkar da su. Waɗannan ba wanda ya gaje su. Wadda ta iso wurin jika ita ce wadda tun asali ta fi kyau, kuma ta samu mai kula da ita. Sai mu ɗauki zaɓaɓɓun da mu gwada da gama-garin yanzu, mu ce da ta fi.

Kuma da a ce duk ƙirar da lafiya lau take, da ba a kafa gidan gwajin bindiga a Landan tun 1637 ba, da na Birmingham a 1813. Fashewar bututu a hannun mutane ce ta sa aka wajabta a ɗura wa kowace bindiga albarushi fiye da ƙima a harba, in ta jure a buga mata hatimi.

Injiniya:
Madalla Malama. Ga misali daga manya ma, ba daga ƙananan maƙera ba. Springfield 1903, bindigar sojan Amurka, wadda ta kwaikwayi Mauser har sai da aka biya kamfanin Mauser kuɗin haƙƙin ƙira. A shekarun farko ma'aikatan da ke gasa gangar jikinta da ido suke auna zafin ƙarfe, su dubi launinsa su ce ya yi. To ranar da rana ta haska cikin masana'anta, jan ƙarfen ba ya fitowa sosai, sai a zarce da zafi, ƙarfen ya ƙone ya zama mai gautsi kamar tangaran. Wasu sun tarwatse a hannun sojoji. Sai daga baya aka sa na'urar auna zafi, a 1918 kuma aka canza hanyar gashin. Shi ya sa har yau ake gargaɗi kada a harba waɗanda lambarsu ke ƙasa da 800,000 na masana'antar Springfield, da ƙasa da 285,507 na Rock Island. In ka gan su da ido, kyawawa ne, aiki tsaf. Matsalar na cikin ƙarfe inda ido ba ya kaiwa.

Baba Maƙeri:
Injiniya ka faɗi gaskiya, ba zan musa ba ko da sana'ata ce ake taɓawa. Ƙarfen yanzu ya fi. Ya fi tsabta, an san abin da ke cikinsa, an san zafin da aka gasa shi. Amma ina so ku fahimci abin da yaron nan ya ji a hannunsa da ya ja sakata, domin ba mafarki ya yi ba.

In ana haɗa bindiga mai baki biyu irin ta manyan gidajen Landan, su Purdey da aka kafa a 1814 da Holland & Holland, maƙeri na kunna 'yar fitila mai hayaƙi, ya kara ƙarfen a kan harshen wutar har ya yi baƙi da kunkunniya. Sai ya haɗa sassan biyu ya rufe a hankali, ya buɗe. Duk inda baƙin ya goge, nan ne ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Ya ɗauki magagari mai laushi ya shafi wurin sau biyu ko uku, ya sake karawa a hayaƙi, ya sake rufewa. Haka zai yi ta yi, wani lokaci kwana da kwanaki a kan gaɓa ɗaya, har baƙin ya riƙa gogewa ko'ina daidai wa daida. Na yi wannan aikin da hannuna a kan wata tsohuwa da ta saki. Ranar da ta zauna, na sa siririyar takarda tsakanin bututu da fuskar kullewa, bindigar ta ƙi rufuwa. Na cire takardar, ta rufe da ƙara ɗaya tak, ba girgiza ko kaɗan. Wannan shi ne abin da hannu ke ji.

Sai dai akwai abin da masu yabon da ba su cika faɗa ba. Yawancin aikin hannun nan dole ce ta sa. Injin wancan zamani ba ya iya fitar da sassa su zauna da kansu, sai mutum ya bi su da magagari. Shi ya sa za ka ga an buga lamba ɗaya a gangar jiki, da sakata, da sauran ƙananan sassa, don kada a musanya da na wata. In wani abu ya karye, ba za ka sayo sabo ka ɗora kawai ba, sai an zauna an daidaita shi. Ta yanzu kuwa ka cire ka sa, ta tafi. Ni maƙeri ina son na farkon. Wanda yake nesa da maƙeri na biyun ne zai cece shi.

Maharbin Dawa:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Amma wannan “cire ka sa” ɗin ne ya sa ake yi mana sassa na banza. Ni da kaina na taɓa sayen sabuwa, ba zan kira sunan kamfani ba, cikin shekara ta biyu maƙallin magazin ɗinta na roba ya karye ina tsakiyar daji, magazin ya faɗi cikin ciyawa. Tsohuwata ta ƙarfe ce tun daga baki har gindi, ba abin da zai ɓalle.

Injiniya:
Wannan laifin rowar kamfani ne, ba laifin zamani ba. Roba iri-iri ce kamar yadda ƙarfe yake iri-iri.

Tsohon Soja:
Ina ta karatu ban ce komai ba. Ni abin da na sani shi ne bindigar da za ka kwana da ita cikin ruwa da laka. Ku ɗauki Lee-Enfield. Sojan Birtaniya ya karɓe ta a 1895, tana cin harsashi 10 lokacin da Mauser ke cin 5, sakatarta na da sauri saboda haƙoranta a baya suke, ba ta da doguwar tafiya. Dakarun sa-kai masu sintiri a arewacin Kanada, inda sanyi ke daskarar da mai a jikin ƙarfe, sun riƙe Lee-Enfield mai lamba 4 tun 1947 har wajen 2018. Shekara saba'in ke nan. Kuma da aka zo canza ta, babban dalilin shi ne kayan gyaranta sun yi wuya, ba wai ta gaza ba. Abin lura kuma, da me aka canza ta? Da wata mai sakata ce dai, C19, ƙirar Tikka ta Finlan. Sai dai an yi ta da ƙarfe mara tsatsa, ƙotar katako mai hawa-hawa da aka manne don kada ya kumbura, aka faɗaɗa zoben kunama da kan sakata don mai safar hannu. Tunanin na da ne, kayan na yanzu.

'Yar Tarihi:
Baba Soja, harsasan ma haka ne. Na Rasha 7.62x54R tun 1891 yake, tare da Mosin-Nagant ya fito, kuma har yau sojoji na amfani da shi. Ga 9x19 na 1902, ga .30-06 na 1906, ga .375 H&H na 1912. Girman kwanson bai canza ba, abin da ke ciki ne ya canza: albarushi mai ƙonewa daidai, da kan harsashi da aka auna nauyinsa. Wani lokaci tsohuwar bindiga da sabon harsashi sai ta yi abin da ba ta taɓa yi ba a ƙuruciyarta.

Tsohon Soja:
Haka ne 'yata. A ƙananan bindigogi kuwa ina tare da Injiniya. Colt 1911 ta John Browning ta ci gwajin harsashi 6,000 ba tare da ta tsaya ba a 1911, in ta yi zafi a tsoma ta a ruwa a ci gaba, kuma ta yi wa Amurka aiki har 1985. Ba mai raina ta. Amma nauyinta ya kai kilo 1.1, magazin ɗinta harsashi 7. Glock 17 da sojan Ostiriya ya ɗauka a farkon shekarun 1980 ba ta kai gram 750 ba, tana cin 17, gumi ba ya cin jikinta. Wanda zai rataye ta a ƙugu awa goma sha biyu ba zai tsaya kallon sheƙi ba.

Maharbin Dawa:
To ku jira mu ga wace Glock ce za a gada bayan shekara ɗari.

Injiniya:
Na farko-farkon sun wuce shekara arba'in, suna nan suna aiki.

Mai Kula da Zaure:
'Yan uwa a yi a hankali, muhawarar na da amfani, kada ta koma gardama. Sannan akwai sababbi da ke karatu, ina roƙon Baba Maƙeri ya yi magana a kan haɗarin sa harsashin zamani a tsohuwar bindiga, don kada wani ya ji yabo ya je ya ji wa kansa ciwo.

Baba Maƙeri:
Ka kyauta da ka tuna. Wannan ya fi duk abin da muke ja-in-ja a kai.

Albarushi mara hayaƙi Bafaranshe Paul Vieille ne ya samar da shi a 1884, Faransa ta fara sa shi a bindigar Lebel a 1886. Duk bindigar da aka yi don baƙin albarushi ba a yi ta don matsin wannan ba. Musamman mai bututun Damaskas, wanda za ka ga zane a jikinsa kamar igiyar ruwa. Siraran ƙarafa ne aka murɗa, aka naɗe a jikin sanda, aka haɗe da wuta da guduma. Kyau kam ba a magana, amma kowace mahaɗa wuri ne da tsatsa za ta iya shiga ta ɓuya, waje lafiya ciki ya ruɓe. Kuma inda yakan fashe daidai inda hannun hagu ke riƙewa ne.

Sai tsawon mazaunin harsashi. Tsofaffin masu baki biyu na Ingila da yawa milimita 65 ne, harsashin yanzu kuwa 70 ne ko fiye. Zai shiga ya zauna, bindiga ta rufe, ka ce ai daidai ne, domin ana auna kwanson ne bayan ya buɗe. In aka harba, bakinsa ba shi da wurin buɗewa sosai, matsi ya hau. Haka ƙwayoyin ƙarfe da suka maye gurbin dalma a farautar tsuntsayen ruwa, kamar yadda Amurka ta wajabta daina dalma tun 1991, suna iya kumbura bakin tsohon bututu mai matsattsen baki.

Kai kuma Magaji, wannan ya shafe ka. Harsashin Jamus mai milimita 8 iri biyu ne: na farko mai kaurin inci .318, da wanda ya biyo baya wajen 1905 mai .323, wanda ake sa wa harafin S. Wasu maƙeran bindigar farauta sun ci gaba da yin matsattsen bututun shekaru bayan soja ya canza. Ka duba hatimin da ke jikin taka, in ba ka gane ba a kai wa maƙeri ya auna.

'Yar Tarihi:
In ƙara da ƙananan bindigogin hannu masu ɗakunan harsashi da ke juyawa. Colt ta 1873 mai ɗaki shida, masu ita biyar suke ɗurawa su bar ɗakin da ke ƙarƙashin guduma mai bugun harsashi fanko, don in ta faɗi a kan gudumar tana iya tashi. Ruger sai a 1973 suka sa wa masu irin wannan ƙirar sandar da ke hana hakan. A nan kam ba wata jayayya, ta zamani ta fi aminci.

Magajin Kaka:
Barkanmu da safiya. Baba na duba kamar yadda ka ce. Hatimin na da S, alhamdu lillahi, kuma shi nake sawa. Cikin bututun kusa da baki na sheƙi, amma daga mazaunin harsashi zuwa kamar tsawon yatsa ya yi duhu, da 'yan ramuka kamar fatar lemo. A bakin akwai wata 'yar ɓantara ta gefen dama, sai da na sa farce na ji ta. Sukurun gaba kuwa da na sa masa sukudireba ya juya kusan rabin zagaye kafin ya kama. Na kuma gwada zura takardar da Injiniya ya faɗa, ta maƙale a gefen hagu, ta dama ta wuce.

Baba Maƙeri:
To ka ga ni. Ramukan nan aikin tsofaffin harsasai ne. 'Yar hular da ke gindinsu, mai tayar da albarushi, tana barin gishiri a cikin bututu bayan harbi, gishirin ya jawo danshi, tsatsa ta kama cikin kwana ɗaya ko biyu. Mai ba ya narkar da gishiri, sai ruwa, shi ya sa sojojin da ke zuba ruwan zafi a bututu kafin su shafa mai. Wani ya taɓa harba ta ya ajiye bai wanke ba. Wannan ba ya gyaruwa, amma bututu mai ramuka na iya saiti da kyau in bakinsa lafiya. Sukuru kaɗai ya isa ya watsa maka harsashi.

Injiniya:
Ni da ni ne, sabon bututu zan sa mata da ƙotar zamani. Gangar jikin 98 mai kyau ce, za ta ba ka mamaki.

Maharbin Dawa:
Haba Injiniya! Ai in ya yi haka ya kashe ta. Bindigar kakansa ce, ƙotar nan tafin hannun tsohon ne ya lashe ta.

Magajin Kaka:
Gaskiya ba zan iya cire ƙotar ba. Akwai wurin da katakon ya yi duhu ya lotsa daidai inda babban yatsansa ke zama.

Baba Maƙeri:
Kada ka cire, kada kuma ka bari kowa ya goge ta da takardar yashi ko ya sake mata launi. Ka kai wa maƙeri mai lasisi ya fara auna ratar da ke tsakanin fuskar sakata da gindin harsashi, ya duba haƙoran kullewa ko akwai tsaga. In waɗannan sun fita lafiya, ya gyara bakin, abin da zai ci bai kai kaurin farce ba, ya kankare katakon kaɗan ta ciki inda yake danna bututu, wurin da ba a gani. Sannan ka sayi harsashi iri uku daban-daban, ka koma filin da abokin naka, ka riƙa barin bututun ya huce tsakanin harbi da harbi. Ka ɗauko mana hoton takardar, da tsohuwar ta makon jiya a gefenta.